Darasin Kimiyya: Sassan Itace Uku da Tarihin Kamfanin Borregaard

Ɗalibai, darasinmu na yau ya haɗa ilimin sinadarai da tarihi. Za mu ɗauki kamfani guda, Borregaard na ƙasar Norway, mu bi sawunsa daga 1889 zuwa yau. Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba, kuma ba shahara ce ta sa na zaɓo shi ba. Dalilina shi ne, duk wani ci gaba da kamfanin nan ya samu, wani sashe ne na itace ya gano yadda zai sayar da shi maimakon ya zubar. Wanda ya san abin da ke cikin gungume ba zai sha wahalar gane tarihin ba. Saboda haka da itacen za mu fara.

Kashi na ɗaya: me ke cikin itace?

In aka busar da gungume har ruwan jikinsa ya ƙare ƙaf, abin da ya rage kusan duka abubuwa uku ne: selulos, hemiselulos da lignin. Itacen da ake sarrafawa a masana'antar da za mu duba shi ne sufurus, doguwar bishiya ta ƙasashen sanyi mai ganye siri-siri da ba ya kaɗewa ko da hunturu. A jikinta selulos ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100, hemiselulos da lignin kuwa kowanne yana tsakanin kashi 25 zuwa 30. Ɗan abin da ya saura ƙaro ne da mai da toka.

Selulos kun san shi da ido, ko da ba ku san sunansa ba. Audugar da aka gurje kusan kashi 90 nata selulos ne. Wani masani Bafaranshe, Anselme Payen, shi ya fara ware shi daga tsirrai ya auna abin da ya ƙunsa a 1838. Ku duba allo. Gulukos, wato sukarin da ganye yake haɗawa da hasken rana, ana rubuta shi C6H12O6, nauyinsa 180. Duk lokacin da gulukos ya ƙullu da ɗan'uwansa, ƙwayar ruwa guda takan fita, nauyinta 18. Ku cire 18 daga 180, saura 162, wato C6H10O5. Wannan shi ne abin da ake ta maimaitawa har a samu sarƙa, kuma a itace sarƙa ɗaya takan ɗauki gulukos wajen 10,000.

Mai lura a cikinku zai ce: Malam, ai sitacin gero da masara ma sarƙar gulukos ce, me ya sa muke cin tuwo ba ma cin auduga? Amsar tana wurin ƙullin. A sitaci duk gulukos ɗin gefe ɗaya suke fuskanta, sai sarƙar ta nannaɗe, ruwa ya samu wurin shiga, sinadarin da ke cikin yawunmu da hanjinmu ya tsinka ta. A selulos kuwa, kowane gulukos a kife yake idan aka gwada shi da na kusa da shi. Wannan ya sa sarƙar ta miƙe sambal, ta kwanta a jikin 'yan'uwanta, su riƙe juna tamau da abin da ake kira haɗin haidurojin. Ruwa ba ya narkar da ita, cikinmu ba ya iya tsinka ta. Saniya da akuya da raƙumi ma ba da ƙarfin kansu suke narkar da ciyawa ba, ƙananan halittu ne a tumbinsu suke yi musu aikin. Gara ma da taimakon irin waɗannan halittu take cinye azara.

Hemiselulos shi ma sukari ne aka ƙulla, amma sarƙarsa gajera ce, tana da rassa, kuma sukarin gauraye ne: manos, gulukos, galaktos, zailos. Ba shi da taurin kai. Da ya ji asid mai zafi sai ya wargaje ya koma sukari. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan jumla, za mu dawo mata.

Lignin ba sukari ba ne ko kaɗan. An gina shi da zobba masu kabon shida-shida waɗanda suka sarƙe da juna ta ko'ina ba tsari. Shi ne ke manne zaruruwan itace, ya hana ruwa ratsa su, ya ba bishiya ƙarfin tsayawa. In kuna son ku riƙe hoton a kanku, ku tuna ginshiƙin gini: selulos shi ne rodi, lignin shi ne simintin da aka zuba ya kewaye shi. Duk sana'ar da za mu yi magana a kai yau, neman hanyar cire simintin ce ba tare da an lalata rodin ba.

Kashi na biyu: yadda itace ya shiga harkar takarda

Tun daga zamanin Cai Lun na ƙasar Sin, wanda ake danganta wa gyaran aikin takarda a shekara ta 105, ake sa tsummoki a cikinta, kuma har zuwa ƙarni na 19 tsummoki ne babban abin da Turawa suke yin takarda da shi. Da jaridu suka yawaita, makarantu suka ƙaru, tsumma ya yi wuya. A 1844 wani Bajamushe, Friedrich Gottlob Keller, ya ƙera injin da ke goga itace a kan dutse tare da ruwa har ya zama ƙullu. Hanya ce mai arha, kuma kusan duk itacen yakan koma takarda, sai dai lignin yana nan ciki. Shi ya sa jarida take yin ruwan ɗorawa in ta sha rana, ta kuma riƙa karyewa in ta tsufa.

Sai masu ilimin sinadarai suka shigo. Benjamin Tilghman na Amurka ya yi rajistar hanyar dafa itace da sinadarin farar wuta a 1867, amma bai ci ribarta ba. Carl Daniel Ekman ne ya kafa masana'anta ta farko da ta yi aiki da ita a Bergvik ta ƙasar Suwidin a 1874. Wani masani ɗan Ostiriya, Carl Kellner, ya gyara hanyar ta yadda ake hura tururi kai tsaye cikin tukunya, dahuwar ta yi sauri. Wannan hanya ita ake kira salfait.

Ga yadda ake yinta a wancan zamani. A ƙona farar wuta, ta ba da iska mai shaƙe maƙogwaro, SO2. A tura iskar ta ƙasan wata doguwar hasumiya da aka cika da duwatsun farar ƙasa, ruwa yana tsiyayowa daga sama. Inda iska da ruwa da dutse suka haɗu sai a samu ruwan dahuwa mai tsami ƙwarai, Ca(HSO3)2 tare da rarar SO2. A gefe guda an ɓare ɓawon gungume, an sassare shi ƙanana-ƙanana. A zuba gutsattsarin a wata ƙatuwar tukunya, a cika ta da ruwan dahuwa, a rufe ruf, a ɗaga zafi zuwa wajen digiri 140 na tsawon sa'o'i. Tun da asid yana cin ƙarfe, sai an shafe cikin tukunyar da dalma, daga baya aka koma jera bulo mai jure asid. A cikin tukunyar abu biyu ke faruwa. Farar wutar takan maƙale a jikin lignin ta mai da shi abin da ruwa ke narkarwa, sunansa lignosalfonet. Hemiselulos kuma ya wargaje ya koma sukari. In an buɗe tukunya, zaren selulos ya saki jiki, a wanke shi, a tace, a faranta shi, a busar a yi faifai-faifai kamar kwali.

To ku yi lissafi. Selulos bai kai rabin itace ba. Ina sauran ya tafi? Yana cikin ruwan dahuwar nan mai launin ƙasa-ƙasa, kuma a wancan lokaci kogi ake buɗe wa.

Kashi na uku: Sarpsborg

Sarpsborg tsohon gari ne a kudu maso gabashin Norway, Sarki Olav ne ya kafa shi a 1016. Yana bakin Glomma, kogi mafi tsawo a ƙasar, wanda ya haura kilomita 600, kuma a daidai garin kogin yake faɗowa ta wata magangara mai tsananin ƙarfi da ake kira Sarpsfossen, tsayinta ya ɗan wuce mita 20. Borregaard asalinsa sunan wani tsohon gandu ne a bakin wannan magangara.

A 1889 wani kamfanin Ingila mai suna Kellner Partington ya sayi wurin. Sunan ya haɗa mutum biyu: Carl Kellner da muka ambata, mai ilimin, da Edward Partington, attajirin takarda na garin Glossop a Ingila, mai kuɗin da kasuwar. Me suka gani a Sarpsborg? Dazuzzukan sufurus suna can sama, kogi yana kawo gungumomi har ƙofa ba sai an biya keken doki ko jirgin ƙasa ba, kuma an ci gaba da koro itace a kan Glomma har 1985. Magangara tana ba da ƙarfin juya injuna, daga baya lantarki. Ruwan wanki ga shi nan ba iyaka. Teku kuma tana kusa, jirgi zai ɗauki kaya ya nufi Ingila. Kamfanin yana da wata masana'antar a Hallein ta Ostiriya, amma ta Sarpsborg ce ta yi girman da kafin Yaƙin Duniya na Farko ta shiga sahun manyan wuraren aiki a Norway.

Norway ta rabu da Suwidin a 1905, kuma 'yan ƙasar ba su ji daɗin ganin daji da ruwansu a hannun baƙi ba. A 1918, ƙarƙashin jagorancin Hjalmar Wessel, aka tara jari a cikin gida aka sayi kamfanin daga hannun Ingilawa, ya ɗauki sunan Borregaard. A shekarun da suka biyo baya abincinsa ƙullun itace ne da takarda, kamar sauran takwarorinsa na yankin.

Kashi na huɗu: ruwan da ake zubarwa

Nan ne zuciyar darasin, ku ajiye surutu.

Hanyar salfait tana da kishiya. Carl Dahl ya fito da ita a birnin Danzig a 1879, ana kiranta kiraf. Ita ba asid take amfani da shi ba, soda mai ƙarfi ce da wani gishirin farar wuta, a zafin wajen digiri 170. Takardarta ta fi ƙarfi, irinta ce ake yin buhun siminti da kwali, kuma tana dafa kowane irin itace. Aibinta biyu ne a farko: ƙullunta baƙi-baƙi ne, ga wari. Amma a farkon shekarun 1930 G. H. Tomlinson ya ƙera tanderun da ke ƙona ruwan dahuwar kiraf, lignin ya ci wuta ya ba da tururi, sinadarai kuma su dawo a sake dahuwa da su. Da aka kuma gano yadda za a faranta ƙullun, sai kiraf ta mamaye duniya. Yau salfait ba ta kai kashi 10 na ƙullun da ake dafawa da sinadari ba.

Masu salfait na farar ƙasa ba su da wannan mafita. In suka ƙona nasu ruwan, farar ƙasa da farar wuta sukan haɗu su zama wani dutse mai toshe bututu, sinadarin ba ya dawowa. In suka zuba a kogi, sukarin da ke ciki ya zama abincin ƙwayoyin bakteriya, su yi ta hayayyafa suna shanye iskar oksijin da ke cikin ruwa, kifi ya mutu. Da dokokin kare muhalli suka tsananta daga shekarun 1960 da 1970, ruwan nan ya zame wa masana'antu ƙarfen ƙafa, da yawa suka rufe, wasu suka canza hanya. Borregaard bai canza ba, domin tun kafin lokacin ya fara tatsar kuɗi daga ruwan.

Matakin farko sukari ne. Ku koma jumlar da kuka ja wa layi. Hemiselulos na sufurus yawancinsa sukari ne mai kabon shida, musamman manos, kuma irin wannan sukari yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi yana cinsa. Ku rubuta: C6H12O6 yana ba da 2 C2H5OH da 2 CO2. Ta nauyi, giram 180 na sukari zai ba da giram 92 na itanol da giram 88 na iskar kabon, in komai ya tafi daidai. A 1938 Borregaard ya fara yin itanol ta wannan hanya. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, masana'antun Suwidin sun riga shi, amma ya riƙe ta har yau, yana fitar da wajen lita miliyan 20 a shekara. Itanol ɗin nan dangin sifirit ne da kuke gani a kemis, ana sa shi a haɗa magunguna da fenti, ana kuma zuba shi a mota a matsayin mai. Akwai sa'a a cikin lamarin. Da itacen mai faɗin ganye ne, irin turare ko malaina, da sukarin da zai fi yawa zailos ne mai kabon biyar, wanda yis na yau da kullum ba ya taɓawa.

Mataki na biyu, bayan yis ya cinye sukari, abin da ya saura a ruwan lignosalfonet ne. A ƙafar da ruwan, a busar, a samu gari mai launin ƙasa. Me zai yi? Sirrinsa shi ne jikinsa biyu: ɓangaren zobban kabon yana son ya manne wa ƙwayoyin gari, ɓangaren farar wutar kuma yana son ruwa, yana kuma ɗauke da cajin lantarki na negatib. Mu gwada shi a kan siminti. In aka zuba wa siminti ruwa, ƙwayoyinsa sukan dunƙule, su kulle ruwa a tsakaninsu, kwaɓin ya yi tauri. Abin da lebura yakan yi shi ne ya ƙara ruwa don shebur ya yi masa sauƙi, kuma duk maginin kirki ya san rarar ruwan nan ita ce take barin ƙananan ramuka in kankare ya bushe, ƙarfinsa ya ragu. In aka sa ɗan lignosalfonet, sai ya lulluɓe kowace ƙwayar siminti da caji iri ɗaya. Caji iri ɗaya kuwa ture juna yake yi. Dunƙulen ya watse, ruwan da aka kulle ya fito, kwaɓi ya yi laushi ba a ƙara ko kofi ba. Ana iya rage ruwan da wajen kashi 5 zuwa 10 a samu laushi iri ɗaya.

Wannan hali na watsa ƙwayoyi shi ya kai shi cikin garin maganin feshi na gona don kada ya kwanta a gindin tanki, da cikin rini don launi ya hau yadi bai-ɗaya, da cikin batirin mota, inda ɗan kaɗan daga cikinsa yake hana farantin dalma dunƙulewa, batir ya daɗe kuma ya tayar da mota a sanyi. Yana da danƙo kuma, shi ya sa ake ɗaure dunƙulen abincin kaji da na kifi da shi, ana kuma yayyafa shi a hanyar da ba kwalta don ƙura ta kwanta.

Mataki na uku shi ya fi ba ɗalibai mamaki. Ƙamshin banila da kuke ji a kek da biskit da askirim daga sinadari ɗaya yake fitowa, banilin, C8H8O3. Asalinsa daga kwanson wata shuka ne da aka fi nomawa a Madagaska, amma abin da shukar ke bayarwa ɗan mitsitsi ne a kan abin da duniya ke sha. In kuka zana banilin a allo kuka zana tubalin lignin na sufurus kusa da shi, za ku ga zobe ɗaya ne da rassa kusan iri ɗaya. Abin da ya rage shi ne a datse shi daga sarƙaƙiyar. Ana yin haka da dafa lignosalfonet a cikin soda, ana hura masa oksijin a ƙarƙashin matsi, da ɗan tagulla mai hanzarta aikin. Borregaard ya fara wannan a 1962. A lokacin akwai masu yin haka a Amurka da Kanada, amma da aka samu hanya mai arha ta haɗa banilin daga sinadaran man fetur, duk suka daina, aka bar Borregaard shekaru da dama shi kaɗai yana fitar da shi daga itace. Yanzu da masu saye suke tambayar daga ina abu ya fito, wannan kaɗaicin ya koma abin talla.

Shi kansa selulos ɗin bai tsaya a takarda ba. Dahuwar asid tana kwashe hemiselulos sosai, saboda haka ƙullun salfait yana da tsabta, ya dace da a narkar da shi a mai da shi wani abu. Tun 1892 masana uku a Ingila, Cross da Bevan da Beadle, suka yi rajistar hanyar narkar da selulos, daga baya aka riƙa tura shi ta ƙananan huji cikin asid ya fito zare, wato biskos, yadin nan mai santsi da sanyi a jiki. Bayan wannan, kowane gulukos a sarƙar yana da hannaye uku na OH da ba su riƙe komai ba, kuma abin da ka liƙa a hannayen shi zai faɗi abin da za ka samu. Liƙa asetet, ka samu abin da ake yin firam ɗin tabarau da matatar sigari. Liƙa naitiret, ka samu abin da ke cikin tawadar ɗab'i da fentin katako mai ƙyalli. Liƙa wasu ƙananan rassan kabon, ka samu garin da ke narkewa a ruwa ya yi kauri, wanda ake sa wa a man goge baki, da fenti, da simintin manna tayil don kada ya bushe kafin mai aiki ya daidaita. Ƙwayar maganin da kuke haɗiya ma, sau da yawa mafi yawan jikinta garin selulos ne, maganin kansa kaɗan ne.

Kashi na biyar: inda aka yi tuntuɓe

Kada ku ɗauka tafiyar ta miƙe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya bazu, ya shiga sabulu da man girki da kayan abinci, ya kuma tsallaka teku. A 1972 ya buɗe masana'antar ƙullu a Guaíba, tsallaken ruwa daga birnin Porto Alegre a kudancin Burazil. Ta kiraf ce, kuma ba a kashe kuɗin da ya kamata wajen kame warinta ba. Iska ta riƙa kai warin ruɓaɓɓen ƙwai cikin birni, jama'a suka tayar da ƙayar baya duk da mulkin soja ake yi, har hukuma ta rufe ta na ɗan lokaci a ƙarshen 1973. Rigimar ta ƙarfafa masu fafutukar muhalli na ƙasar irin su José Lutzenberger. Borregaard ya janye, masana'antar ta koma hannun wasu da sunan Riocell, yau kuma kamfanin CMPC na ƙasar Chile ke da ita.

A gida ma akwai tabo. Daga 1949 zuwa 1997 sashen da ke yin soda da kulorin a Sarpsborg da zaiba yake aiki, kuma zaiba ba ta ruɓewa, ta shiga ƙasar wurin, an daɗe ana kashe kuɗi wajen killace ta. A watan Mayu na 2005 kuma cutar huhu da ƙwayar Lejiyonela ke haddasawa ta ɓarke a Sarpsborg da Fredrikstad, mutum 10 suka rasu. Bincike ya kai ga wata na'urar wanke iska a masana'antar. Akwai ruwa mai ɗumi a cikinta, akwai abincin ƙwayoyin cuta, ga iska tana fesa ɗigon ruwan sama ya yi tafiyar kilomitoci. Waɗannan sharuɗɗa uku ku riƙe su, za su fito a darasinmu na ƙananan halittu.

Ta fuskar mallaka, a 1986 ya haɗe da kamfanin Orkla, kayan abinci da sabulu suka koma can, sunan Borregaard ya tsaya a kan sashen sinadarai. A hankali ya janye daga takarda ya tattara ƙarfinsa kan selulos na musamman da lignin. A Oktoban 2012 aka raba shi da Orkla, aka sa hannayen jarinsa a kasuwar Oslo.

Akwai wani rauni da ilimin sinadarai kaɗai zai nuna muku. Ba a samun lignosalfonet sai inda ake dahuwar salfait, masu salfait kuwa raguwa suke yi. Don haka kamfanin ya riƙa bin su duk inda suke yana ƙulla haɗin gwiwa: da Sappi a Umkomaas ta Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1990, da Rayonier a jihar Florida ta Amurka, inda aka buɗe masana'anta a 2018. Ta Afirka ta Kudu ta tsaya a 2020, ba don kasuwa ta mutu ba, sai don abokin hulɗar ya dakatar da layin dahuwar da ke ba ta ruwan. Mai sana'a da ragowar wani, ranar da mai shi ya canza girki, shi ma ya tashi.

Kashi na shida: lissafin gungume

Alƙaluman da kamfanin ke bayarwa sun nuna cewa daga kilo 1,000 na busasshen itace ana samun wajen kilo 400 na selulos, kilo 400 na kayan lignin, kilo 50 na itanol da kilo 3 na banilin. Ɓawo da sauran tarkace a ƙona su a samu tururi, ko a ruɓar da su a samu gas. Mai kaifin ido zai tsayar da ni: Malam, ka ce lignin bai wuce kashi 30 ba, ya aka yi ya zama kilo 400? Madalla da tambaya. Abin da ake sayarwa ba tsurar lignin ba ne. Farar wuta da farar ƙasar da suka maƙale masa a tukunya suna da nauyi, ga ɗan sukarin da yis bai ci ba. A 2016 kuma an ƙara wani kaya a jerin, Exilva, wato zaren selulos da aka tsattsaga har ya koma siraran zaruruwan da ido ba ya gani, masu riƙe ruwa su yi kauri, ana sa su a gam da fenti. Ma'aikatan kamfanin yau sun ɗan haura 1,000, adadi kaɗan in aka gwada da manyan kamfanonin takarda na Finland ko Burazil. A ganina girman nasa ba a yawan gungumen da yake ci ba ne, a yawan ƙofofin da kowane gungume yake fita ne.

Wani zai tambayi namu na Najeriya. An gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, an kuma dasa gandayen malaina don a ciyar da su, amma ba su daɗe suna aiki yadda aka tsara ba, kuma mafi yawan takardar da kuke rubutu a kai daga waje take zuwa. Wannan darasi ne na daban, na tattalin arziki, za mu roƙi malaminku na fannin ya ɗauka.

Aikin gida

Na farko, ku yanki jarida da takardar littafin rubutu, ku rufe rabin kowacce da kwali, ku danne da dutse a inda rana ke duka har mako guda. Ku zo da su, ku faɗa mini wacce ta fi canza launi da dalili.

Na biyu, ku sayi ruwan ayodin a kemis, ku ɗiga a kan ɗan kamu, da kan auduga, da kan farar takarda. Ayodin yana shiga cikin nannaɗin sarƙar sitaci ya koma shuɗi mai duhu, amma ba ya samun wurin shiga a miƙaƙƙiyar sarƙar selulos. In takardarku ta yi shuɗi kada ku ce gwajin ya ɓaci, masu yin takarda sukan shafa mata sitaci don tawada kada ta bazu. Ku rubuta abin da kuka gani, ba abin da kuke tsammani ba.

Na uku lissafi ne. In kilo 1,000 na itace ya ba da kilo 50 na itanol, kilo nawa na sukari yis ya ci, in muka ɗauka ba a yi asarar komai ba? Ku yi amfani da 180 da 92. Sannan ku gwada amsar da yawan hemiselulos da ke cikin itacen, ku kawo dalilai biyu da suka sa ba su zo daidai ba. A kawo ranar Litinin, kowa a littafinsa.